Malami ne ya koyar da yaran Edo, ba na'ura ba

Wallahi na gaji da labarin nan na jihar Edo da ake ta turawa, wai ƙirƙirarriyar basira (AI) ta koyar da karatun shekara biyu cikin mako shida, don haka gwamnoninmu su sayo kwamfutar hannu su raba wa yara. Madalla. A sayo. 'Yan kwangila ma sun ce a gaishe ku.

Jama'a, ku duba yadda aka yi abin mana. Yuni da Yulin 2024 ne, a birnin Benin, da tallafin Bankin Duniya. Ɗaliban SS1 kimanin 800, darasin Turanci bayan an tashi daga makaranta, sau biyu a mako, yara biyu kan kwamfuta ɗaya suna amfani da Microsoft Copilot, manhajar AI da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa. Kuma malami yana tsaye a kansu. Shi ke ba su tambayar da za a buɗe darasi da ita, shi ke zagayawa ya ga wanda ke kwafar amsa kawai, shi ke nuna musu inda na'urar ta shara ƙarya. Don tana yi, kuma ba ta kunya: za ta ba yaro amsar da ba daidai ba cikin Turanci mai santsi, ya haɗiye. Cire malamin nan, me ya rage?

Sannan "shekara biyu" ɗin nan an auna shi ne da ɗan abin da yaro ke koya a shekara guda a makarantu irin namu. Ba yabon na'ura ba ne, tonon asirinmu ne.

Na san za a ce ai malaman ne ba su isa ba, shi ya sa ake neman na'ura. Haba malam. Yaran Edo sun riga sun iya karatu da rubutu. Ɗan aji huɗu da ba ya iya haɗa baƙi, da me zai rubuta tambayar? Ƙasar Peru ta raba wa yara kwamfuta sama da 800,000, wani bincike na 2012 bai ga ƙarin komai a lissafi ko karatu ba. An sayi kaya, an manta da mai koyarwa.

Mai son yin abin tsakani da Allah, lissafin ba wuya. Aji mai yara 40 kwamfuta 20 ya ishe shi. In kowace tana jan wat 60, wat 1,200 ke nan, sai a auna sola da batir da inbata da za su riƙe shi ba tangarɗa, don a Edo ma ɗaukewar wuta da yankewar intanet cikin damina sun ci wasu darussa. A ware kuɗin data na zango gaba ɗaya tun farko. Amma kafin duk wannan a horar da malami, a biya shi ladan zaman yamma. Malamin da ke bin albashi ba zai tsaya maka har bayan la'asar ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ina tausayin mutanen nan matuƙa.

Af, masu cewa a koyar da Hausa da na'urar, ku fara nemo mana ƙ da ɗ da ɓ a kan madannan kwamfutocin makarantun. Yaro zai rubuta ƙaya ta fito kaya, kun ga ai sai a yi ta jigila.