Kompaila ya yi shiru ba ya nufin kod ɗinka daidai yake

'Yan'uwa masu rubuta manhajar kasuwanci, musamman ƙannenmu da suka shigo aikin kwanan nan, ku daina ɗaukar wucewar kompaila, wato manhajar da ke fassara kod ɗinka zuwa yaren na'ura, a matsayin shaidar aiki ya yi. Abin da yake dubawa shi ne ko sunan da ka rubuta yana nan a wani wuri. Ko shi ne sunan da kake nufi, wannan ba ruwansa. Kuma manhajar albashi ko ta lissafin kaya cike take da gurabe masu suna kamar 'yan biyu, harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Ɗauki SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, don nan ɓarnar ta fi muni. Kana da teburin kwastomomi mai gurbi lambar_kwastoma, da teburin rufaffu wanda wani ya sa wa nasa gurbin lamba_kwastoma, babu r. Sai ka rubuta:

DELETE FROM kwastomomi WHERE lambar_kwastoma IN (SELECT lambar_kwastoma FROM rufaffu)

Babu kuskuren da zai fito. Da rumbun bayanai ya nemi sunan a rufaffu bai samu ba, sai ya leƙa teburin waje ya ɗauko na kwastomomi, haka ƙa'idar SQL ta tanada. Kowane layi ya koma ana gwada shi da kansa. Muddin akwai ko layi ɗaya a rufaffu, duk kwastoman da ke da lamba ya tafi. Maganin bai kai minti ɗaya ba: ba kowane tebur laƙabi, misali r ga rufaffu, ka rubuta r.lambar_kwastoma, nan take zai ce maka babu wannan gurbin. Kafin kowane DELETE ko UPDATE kuma, fara gudanar da sharaɗin da SELECT COUNT don ka ga layi nawa zai shafa. In kana jiran layi 40 ka ga 52,000, ɗauke hannunka daga madannai.

A COBOL, yaren da aka ƙirƙiro tun 1959 kuma har yau bankuna ba su rabu da shi ba, tarkon yana cikin MOVE CORRESPONDING. Umarnin yana kwashe gurabe masu suna iri ɗaya ne kawai daga wannan rukuni zuwa wancan. In a nan RAGI-KUDI ne, a can RAGIN-KUDI, tsallake shi zai yi. Gurbin ya zauna da abin da ke cikinsa tun farko. Idan shara ce a gurbin COMP-3, wani nau'in gurbin lambobi, a babbar na'urar IBM manhajar kan faɗi da lambar kuskure S0C7, kuma wallahi ka gode wa Allah, don an nuna maka wurin. Idan an riga an yi INITIALIZE, sifili ne a ciki, lissafi ya ci gaba lafiya lau, ragin kwastoma ya ɓace, sai ƙarshen wata akawu ya zo yana tambayar me ya sa littafi bai daidaita ba.

Masu VBA a Excel, ku sa Option Explicit, wanda ke tilasta a ayyana kowane suna kafin amfani da shi, a saman kowane fayil. Ba tare da shi ba, suna mai kuskure sabon gurbi ne fanko, a lissafi sifili. A JavaScript, karanta sifar da babu ita undefined kawai yake bayarwa, ko da ka sa "use strict".

Mafi wuyar kamawa shi ne inda sunayen biyu duk halal ne: ka tara a JIMLA-YAU alhali JIMLA-WATA kake nufi, yawanci don ka kwafo sakin layi ka canza wurare huɗu ka manta na biyar. Karanta kod ɗin sau goma ba zai taimaka ba, ido abin da ya sa rai yake gani. A COBOL, kunna XREF, zaɓin da ke jera kowane suna da layukan da aka ambace shi, ka buɗe jerin da kompaila ya fitar. A na IBM, harafin M gaban lambar layi yana nuna inda aka canza gurbin. Gurbin da ake karantawa amma babu M ko ɗaya, ko wanda ake zuba wa ƙima ba mai karantawa, nan za ka fara tono.

Sannan bayanan gwajinku. Da yawa kuna cika kowane gurbi da 100 ko sifili, ta yaya za ku gane an yi musanya? Sa 111 a farashi, 222 a haraji, 333 a ragi, 444 a kuɗin dako. Yi lissafin da biro a takarda tukuna, sannan ka gudanar. In 222 ya fito a layin ragi, ka bi sunan harajin a jerin XREF layi bayan layi har ka kai ga MOVE ɗin da ya kai shi can.