Ramukan La Geria da tassar Illela

Ban taɓa ɗanɗana farar giyar inabin da mutanen Lanzarote suke alfahari da ita ba. Addinina ya hana, kuma na yarda da hanin. Amma shekara huɗu ke nan ina zaune a wannan tsibiri na Kanari, mallakar Sifaniya, kusa da gaɓar Maroko, kuma duk ranar da motar aiki ta bi da mu ta La Geria, yankin gonakin inabin tsibirin, sai hankalina ya koma gonar babanmu a karkarar Illela, cikin jihar Tawa ta Nijar.

Ƙasar nan baƙa ce wuluk. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsun Timanfaya suka yi ta aman wuta, toka ta binne gonaki da ƙauyuka. Ruwan sama kuma da ƙyar yake kai milimita 150 a shekara. Waɗanda suka ƙi barin gida sai suka riƙa haƙa rami mai faɗin baki kamar kasko, wani zurfinsa ya kai mita 3, har su tarar da tsohuwar ƙasar noma. A gindin ramin a dasa kurangar inabi, a jera duwatsu a bakinsa kamar rabin wata don kare ta daga iskar arewa maso gabas. Tarakta ba ta shiga wurin. Da hannu ake yanka, da hannu ake tsinka, tun cikin watan Yuli.

Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa kai ni gonarsa, ya ce in gangara cikin rami ɗaya in tura hannu. Tsakuwar saman tana ƙuna kamar kaskon suya. Da yatsuna suka nutse kamar taƙi guda, sai na ji sanyi da laima. Raɓar dare ce tsakuwar take sha ta ɓoye wa saiwa. Wallahi a tsugune nake, amma sai da idona ya kawo ruwa, don na san wannan laimar. Ita muke ji a cikin tassa, ramukan da manomanmu suka gano a Yatenga ta Burkina Faso wajen 1989, suka dawo suna haƙawa a kan fako, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwa ya kwanta, gero ya tashi inda da ko ciyawa ba ta fitowa.

Dabara ɗaya ce, wahala ɗaya, sai dai ladan ya bambanta, kuma abin da yake cin raina ke nan. A nan ana haɗa giyar inabi irin Malvasía da Listán Blanco da Diego a kwalba ɗaya, a rubuta sunan tsibirin, wanda doka take karewa tun 1993. Mai saye sunan yake biya da gumin ramin. Baƙi kuma cike da motoci suke zuwa kallon gonakin. Geron tassa fa? A juye shi a buhu, a kasuwa ya gauraye da na kowa, tiya kuɗi ɗaya. Ga albasar Galmi ta nuna cewa suna yana sayar da kaya har ƙasashen waje, amma ba mu yi wa manomin da ya raya fako wannan gatan ba.

Na aika wa yayana hoton ramukan. Ya bugo cikin dare, abin da ya fara tambaya shi ne yadda suke jera duwatsun ba tare da laka ba, yana so ya gwada kafin damina.