Na iso Damagaram, barcina yana Kanada

Tsakanin Montreyal da Damagaram awa shida ne a lokacin hunturu, kuma kullum da wannan lissafi nake kiran gida. Sai dai agogon hannu ne kaɗai ake juyawa da yatsa biyu. Na cikin jiki sai ya ga dama. Masana sun ce kusan awa guda yake matsowa a rana, kuma ya fi taurin kai idan gabas aka nufa. Hutun da aka ba ni a wurin aiki kuwa ɗan guntu ne, har na lissafa na ga ranar da barcina zai iso gida ni ina hanyar komawa.

Daga Yamai kar ta ɗauko mu tun kafin asuba, muka bi ta Doso, Dogon Dutse, Maraɗi, Tasawa, kilomita wajen 900, rabinsu a barci na yi su. Mun shigo gari daren Laraba bayan isha'i. Aka yi murna, aka ci tuwo, kowa ya kwanta.

Ƙarfe uku na dare idona tar. A Montreyal tara ce ta dare, lokacin da na fi jin kaina mai basira. Na yago takarda daga littafin lakwal na autan yayana, na kunna fitilar waya, na zauna tsara wunin farko. Bakwai, koko da ƙosai. Bakwai da rabi, gaishe-gaishe, Kawu da Gwaggo da surukai, kowane gida minti goma sha biyar. Tara, Birni: fadar Sarki, abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun, da gidan da aka ce Bature Barth ya sauka a 1852, duk da hoto, don ƴaƴana da aka haifa cikin ƙanƙara su san ubansu ɗan babban gari ne, garin da shi ne fadar mulkin Nijar kafin Faransawa su mayar da ita Yamai a 1926. Sha ɗaya, in hau duwatsu in hango gari. Daga nan kasuwa, tunda Alhamis ce ranarta: jaka da takalma wurin dukawa, alkaki na uwargida. La'asar, garin Mirya da ke kusa. Har layi na ja a ƙasa na rubuta "hutu, minti goma".

Bayan sallar asuba na miƙa wa Yaya takardar ina jin kaina. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Wanne ne na yau a ciki?"

"Duka na yau ne, Yaya."

Ya ninke ta a hankali ya miƙo mini. "To, Allah ya ba da sa'a. Auta, bi babanka, kada ka bar shi shi kaɗai."

Bakwai da rabin ta same ni a tsakar gida, don kafin in fita gaida mutane, mutane sun riga sun shigo gaishe ni. Wanka ma sai da na jira aka auno mini bokiti guda, matar Yaya tana tuna mini cewa nan Damagaram ce, ruwa ba abin wasa ba ne. Ba mu isa gidan Kawu ba sai tara, wato uku na dare a jikina.

Zauren Kawu ginin ƙasa ne mai kauri, duhu-duhu, ga sanyi, ga tabarma da buzu. Akwai ta'aziyyar da nake bin kaina tun bara, don haka bayan an gaisa, an tambayi iyali da sanyi da aiki da gajiya, an sake tambayar gajiyar, Kawu ya ce a yi Fatiha. Muka ɗaga hannu. Na san na fara, na kuma san na kai tsakiya. Sauran labarin daga bakin Auta na ji shi. Kowa ya shafa, ni hannuna na sama, kaina a sunkuye, ko motsi babu. Dattawa suka yi shiru suna jira. Kawu ya dubi na kusa da shi ya ce a hankali, "Kun gani ko? Yaron nan ƙasar Turawa ba ta ɓata shi ba. Mu mun gama, shi bai gama ba." Wani tsoho har ya sake ɗaga nasa hannun don kada a bar shi a baya. Ana cikin haka minsharina ya fito, irin mai hawa biyu.

Labari ya riga mu isa gidan Gwaggo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja fatar idona da yatsa.

"Ɗan nan, me kake sha a can?"

Na ce ba na shan komai, Gwaggo, bambancin lokaci ne. Na ɗauki lemo daga faranti, na sa Auta ya haska shi da waya, na shiga bayanin yadda duniya take juyawa, nan rana can dare. Ta saurara har na gama, ta karɓe lemonta.

"Rana dai guda ce. Wane irin jirgi ne zai ɗauko mutum ya baro barcinsa?"

Ta sa aka kawo garwashi aka turara ni, na kuma ji tana raɗa wa Auta ya duba jakata ko akwai ƙwayoyin nan da samari ke haɗiya. Sannan ta dama mini fura da nono cike da ƙwarya, wai in ji ƙarfi. Wanda ya taɓa shan furar hantsi ya san irin ƙarfin da take bayarwa.

Surukai muka ɗage su, muka tari kabu-kabu biyu zuwa Birni. Ba mu yi nisa ba na ji an taka birki. Ashe kaina ya sami wuri a gadon bayan yaron.

"Alhaji, don Allah in wani abu zai same ka, sauka tukuna. Babur ɗin nan ba nawa ba ne."

Na rantse masa lafiyata lau. Bai yarda ba. Tun daga nan har ƙofar fada tambayoyi yake jefo mini da ƙarfi don ya tabbatar ina raye: ƴaƴanka nawa, da gaske ne ruwa yana daskarewa a hanya, nawa ake sayar da babur a can. Da muka sauka ya ƙara dala ashirin, wato sefa ɗari, a kan kuɗinsa, ya ce na matashin kai ne. Na biya, don gaskiyarsa.

Fada tana nan yadda na san ta, ƙofar da zanenta, dogarai cikin ja da kore. Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni, aka ce in ɗan zauna a inuwa a nemo wanda zai zagaya da mu. Wani dattijo da ke wurin ya fara ba ni tarihi kyauta: yadda Tanimun ya kewaye gari da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, fatake suna tashi daga nan har Tarabulus. Muryarsa mai daɗi, a hankali, babu hawa babu sauka. Na jingina da bango don in fi jin daɗin saurare.

Kiran sallar la'asar daga babban masallacin da ke fuskantar fada shi ya tashe ni. An jera mini takalmana a gefe, wani bawan Allah ya sa mini hulata a kan fuska saboda ƙuda. Wani dogari ya leƙo yana murmushi.

"Baƙon Kanada ya sauka lafiya?"

Mai zagayawar ya zo ya tafi tun kafin azahar. Kasuwa ta fara watsewa, Mirya kuwa ko a zance. Auta dai bai zauna banza ba. Ya je ya sayo alkakin, ya ɗanɗana kusan rabi don ya tabbatar mai kyau ne, ya kuma ɗauki hotunan da na zo dominsu. Na duba wayar: ga ƙofar fada, ga dogarai, ga ni a gaba baki buɗe. Ya riga ya tura su zauren WhatsApp na dangi, ƴata ta amsa daga Montreyal tana tambaya ko nan ne ɗakin kwanan Baba.

Sha ɗayan dare ta yi, gari ya yi tsit, ni kuwa garau kamar an wanke ni, ga yunwa. Na fita wurin mai shayi a bakin titi na ci burodi da ƙwai, samari suka ba ni shayinsu mai ɗaci har zagaye uku, abin da ya kore ɗan guntun barcin da ya rage. Na dawo ina laluben alƙalami don in gyara tsarin gobe, sai na tarar Yaya ya kulle littattafan Auta a ɗakinsa. A tsakar gida an ajiye mini kujera gaban famfo, ga jarkoki a jere, ga tulu biyu. A unguwarmu ruwa in zai zo sai tsakar dare, kuma kullum sai an yi faɗan wanda zai tashi ya tare shi.

Wajen biyu da rabi famfo ya yi tari, ya kawo. Na cika komai, har butocin alwala. Da safe matar Yaya ta zagaya tana taɓa jarkokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo wurina.

"Baban Auta, hutun nan naka ba a ƙara shi?"