Baƙon da ya zo taimakonmu, wa ya koyar da wa?

Duk ranar 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1985 don masu aikin sa-kai, hoto iri ɗaya ne yake cika Facebook: matashi ɗan ƙasar waje a tsakiya, yaran ƙauye sun kewaye shi suna dariya, a ƙasa an rubuta cewa ya zo ya canza rayuwarsu. Ni da na tashi a Marwa, a arewacin Kamaru, na kuma ci tuwo a kwano ɗaya da wasu daga cikin waɗannan baƙi, ina da ja a kan wannan rubutu. A ganina, matashin da ya baro ƙasarsu ya zo ya zauna da mu shekara ɗaya ko biyu ɗalibi ne tun kafin ya zama malami, kuma da mu da shi za mu fi cin riba idan muka kira abin da sunansa.

Zuwan nasu ya daɗe. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, ƙungiyar tura masu aikin sa-kai ƙasashen waje, a 1961, matasan Amurka na farko suka sauka Kamaru a 1962. Faransa ta kafa tata ƙungiyar a 1963, wadda France Volontaires ta gada a 2009, Jamus kuma ta buɗe shirin weltwärts a 2008. Shekaru sittin ke nan da ɗoriya, sun isa a zauna a yi lissafi.

Akwai wata baturiya, ba ta wuce shekara ashirin da uku ba, da aka turo ƙauyen kawuna a yankin Diyamare domin ta koya wa manoma dabarun noman rani. Ta zo da littafi da ƙaramar kwamfuta a ƙarshen damina, daidai lokacin da ake dashen masakwa, dawar nan da Fulani ke kira muskuwaari. Da ta ga fili fetal na laka, wanda muke ce wa karal, babu rijiya babu injin ban-ruwa, sai ta tambayi kawu inda za a samo ruwan da zai kai shukar ga yabanya. Kawu ya dube ta ya ce, "'Yata, ajiye littafin nan tukuna, karɓi sandar." Ya nuna mata yadda ake ɗaga doguwar sanda mai tsini a caka a ƙasa, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa dashe biyu, a wuce gaba. Daga wannan ɗan ruwa ba a ƙara ba shukar ko ɗigo, lemar da laka ta riƙe tun damina ita ce ke ciyar da ita har a girbe wajen watan Fabrairu. Kafin azahar tafin hannunta ya yi bororo, ta zauna a inuwa tana cewa, "Baba, wannan ba a koya mana a jami'a ba."

Wannan yarinya ta amfane mu, ba zan ci haƙƙinta ba, amma ta wata hanyar da ba ita aka rubuta a takardar aikinta ba. Ita ta zaunar da matan adashe ta nuna musu yadda za su riƙa rubuta zubi da kwasa a littafi, har rigimar da ake yi duk ƙarshen zagaye ta kwanta. Ta iya yin haka ne bayan ta shafe watanni tana cin gyaran Fillanci da Hausa a bakin yara, ta koyi cewa ba a shiga magana kafin a gama gaisuwa, ta gane cewa shirun dattijo a taro ba ya nufin ya yarda.

Mu ma muna da namu laifin, kuma shi ya fi damuna. Da zarar an ce nasara ya sauka a gari, sai mu shimfiɗa masa kujera mu kuma mu zauna a tabarma, mu ɓoye masa abincin da muke ci, mu fara lissafin abin da ke aljihunsa. Wani ya kawo takardar asibiti, wani ya nemi a kai ɗansa Turai, jauro, wato mai gari, kuma ya roƙi famfo. Na san famfon da aka haƙa ta haka, aka yi biki aka ɗauki hoto, da ya lalace bayan tafiyar baƙon sai aka zuba ido ana jiran wani baƙon, domin tun farko ba wanda ya ɗauke shi a matsayin nasa. Abin mamaki, mu ne masu gayya, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira surga: a taru a nome gonar mutum ko a yi masa jinka, ladan kowa fura da godiya. Aikin sa-kai ba baƙonmu ba ne, sai dai idan ya zo da riga mai tambari mukan manta cewa mun san shi.

A watan Fabrairun 2013 aka sace iyalin Faransawa mutum bakwai kusa da gandun dajin Waza, daga nan ƙasashen Yamma suka hana matasansu zuwa jihar Arewa Mai Nisa. Aikin bai tsaya ba. Lokacin da aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a wannan shekara domin 'yan gudun hijirar Najeriya, da lokacin da ambaliyar 2024 ta mamaye Yagwa da Kusiri, yaran gida ne suka ɗauki buhunan yashi, suka yi tafinta, suka raba gidan sauro, da yawansu cikin rigar Red Cross ta Kamaru. Hotunansu ba su zaga duniya ba.

Sauran magana ita ce ta hanya, wadda har yanzu ta fi karkata gefe guda. Matashin Bajamushe yana yanke shawara ya taho cikin 'yan watanni, shi kuwa ɗan Marwa da ke son ya je ya yi irin wannan aiki a can sai ya nufi Yawunde, ya biya kuɗin biza, waɗanda ba a mayar masa ko an hana shi. Gaskiya ne Jamus ta fara karɓar matasa daga ƙasashen kudu tun 2013, Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da nata shirin matasa masu sa-kai a Abuja a 2010, amma labarinsu ba ya isa unguwanninmu sai ga mai ɗan'uwa a ofis. Musayar al'ada kuwa ba lallai sai an hau jirgi ba. Akwai ɗalibai a Jami'ar Marwa da suka zo daga Duwala ko Bamenda, su gama karatu ba su taɓa kwana a ƙauyen ƙabilar Tupuri ko Mafa ba. Akwai samarin Kusiri da ke ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena kullum don kasuwa, ba wanda ya taɓa haɗa su da takwarorinsu na Chadi a kan aikin gyara madatsar bakin kogin Logon, alhali ruwa ɗaya ne ke cinye gidajensu. Irin wannan haɗuwa kuɗin mota kawai take buƙata, da gidan da zai sauki baƙo ya ba shi tabarma irin ta kowa, da dattijo irin kawu da zai miƙa masa sanda tun ranar farko.