ADHD: Faɗa ba ya kawo natsuwa, tsari ne ke kawo ta

"Sau nawa zan faɗa maka?" Da wuya a samu mai larurar ADHD da bai tashi da wannan tambaya a kunnensa ba. Amma ko an faɗa sau ɗari, ba nan gizo ke saƙar ba. Yaron da aka aika ɗaki ya ɗauko takalmi, ya dawo bayan minti goma riƙe da abin wasa, ya ji aiken sarai. Tsakanin ƙofa da bakin gado saƙon ya zube. A ganina, mafi yawan wahalar da iyalai ke sha ta faro ne daga ɗaukar wannan hali a matsayin kunnen ƙashi, sai a yi ta ƙara faɗa inda tsari ake bukata.

ADHD larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa. Tana taɓa tattara hankali, da zama wuri guda, da iya taka wa kai birki kafin aikata abu. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu irin wannan hali. Yau an ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da ita, kuma da yawansu suna girma da ita. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ke da kaso mafi tsoka, fiye da 70 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa a daina zargin uwa da cewa ita ta sangarta ɗanta.

Abin da ya fi rikita iyaye shi ne ganin yaro ya shafe awa uku a kan wasan kwamfuta, amma aikin makaranta na minti goma ya gagare shi. Sai a ce ai ga shi nan, lalaci ne. Ba haka ba ne. Larurar na da alaƙa da sinadaran ƙwaƙwalwa irin su dofamin, masu sa mutum ya ji ƙwarin yin abu. Duk abin da ke da armashi ko gaggawa yana kama hankalin mai ADHD, wani lokaci har ya manta da yunwa. Abin da ladarsa ke can nesa, kamar jarrabawar wata mai zuwa, ba ya kama shi, ko da ya san muhimmancinsa.

Saboda haka taimako na gaskiya shi ne a matso da abin kusa. Ke uwa, kafin ki ba yaron umarni, ki dafa kafaɗarsa, ku haɗa ido, ki faɗi abu ɗaya tak, ya maimaita miki. A yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, da ɗan hutu a tsakani. In ya yi daidai a yaba masa nan take, domin yaron da ya wuni yana shan gyara ya fi kowa ƙishin jin "madalla". Ko zama kusa da shi kawai, kina naki aikin yana nasa, yakan riƙe masa hankali. Babba kuma ya daina dogaro da ƙwaƙwalwarsa: makulli wuri ɗaya kullum, alkawari a rubuce tun ba a tashi daga wurin ba, ƙararrawar waya ta tuna masa. Isasshen barci da motsa jiki na rage nauyin sosai.

Wasu za su ce wannan duk neman uzuri ne. Na fahimci damuwarsu. Matar da mijinta ya manta da ɗauko yara daga makaranta, ɓacin ranta na gaske ne, sunan larura ba zai goge shi ba. Mai ADHD bai da laifin samun ta, amma neman hanyar zama da ita haƙƙi ne a wuyansa. Ita ma matar bai kamata ta koma uwa mai binsa da tunatarwa ba, hakan na cinye aure. Su zauna su tsara abin da zai riƙa tuna masa ba tare da bakinta ba.

Maganar magani kuma, a bar wa likita. Tun 1937 wani likita, Charles Bradley, a Amurka ya lura cewa magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa na natsar da irin waɗannan yara. Ire-irensa na yanzu, kamar Ritalin, suna taimakon mutane da dama, sai dai sukan rage cin abinci ko su hana barci. Ga yaro ƙasa da shekara 6, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a fara da horar da iyaye.

Haka nan ba a gano ADHD daga gajeren bidiyon intanet. Kowa na mantuwa. Likita na duba ko alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, suna bayyana a gida da makaranta ko wurin aiki, kuma suna cutar da rayuwa. Rashin barci, damuwa ko matsalar kunne na iya kama da ita.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan mata. Da yawansu ba sa ƙiriniya, shiru kawai suke yi hankalinsu na wani wuri, sai a kira su masu shiririta har su girma suna zargin kansu. In kin ga haka ga 'yarki, ki rubuta abin da kike lura da shi na 'yan makonni, ki roƙi malamarta ta yi haka, ki kai wa likita duka biyun.