Ciwon da Ba a Zuwa Dubiya

A garin nan namu na Kano, idan aka ce wane yana kwance da zazzaɓi, ko ya faɗi a babur ya samu karaya, kafin la'asar gidan ya cika da 'yan dubiya, kowa riƙe da ledar lemo da ayaba. Idan kuwa aka ce haƙori ne ya hana shi fitowa kasuwa, abin da za ka ji bai wuce "Allah ya sawwaƙe, ya danna kanumfari mana" ba, daga nan an shiga wata hirar. A cikin wannan fahimta na tashi, kuma ban taɓa tsayawa na tuhume ta ba sai a damunar bara, lokacin da haƙori guda ɗaya ya kusa raba mu da ƙanena. Tun daga lokacin maganar take cina a rai, yau dai na ga ya kamata in sauke ta a gabanku, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Yaron shekararsa 23, yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari. Abin ya fara masa da ɗan zogi a can ƙuryar baki ta ƙasa, ɓangaren dama, inda wani sabon haƙori ya leƙo rabi, sauran rabin kuma dasashi ya lulluɓe shi. Ya je kemis aka haɗa masa maganin kashe zafi da kafso na kwana biyu, ciwon ya lafa, ya koma harkarsa. Cikin wata huɗu sau uku ana yin haka, kuma duk dawowar da ciwon zai yi sai ta fi ta baya tsanani. A karo na huɗu kuncinsa ya kumbura, bakinsa ya ƙi buɗuwa fiye da yadda yatsa ɗaya zai shiga, kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar katako, ga zazzaɓi mai zafi, ga shi ko yawu ya kasa haɗiyewa. Mahaifiyarmu tana ta dama masa koko, yana kallonsa har ya huce. Da daddare ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Yaya, idan na kwanta numfashina sarƙewa yake yi." A daren muka tafi asibiti.

Likitan da ya karɓe mu ya dube shi sau ɗaya, ya juyo ya ce da ni, "Malam, irin wannan kumburin ba a kwana da shi a gida." Aka shiga da shi tiyata, aka tsaga ƙarƙashin muƙamuƙi aka fitar da mugunya, aka cire haƙorin, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai har ya kwana 9 a gadon asibiti. Daga baya likitan ya yi mini bayani cewa saiwar turamen ƙasa na can baya tana dab da naman da ke ƙarƙashin harshe, saboda haka idan ruɓa ta fasa ƙashi ta nan take bi, ta tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar iska. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan ciwo a rubuce a shekarar 1836, kuma har gobe da sunansa likitoci suke kiransa. Kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama ba sa tashi.

Haƙorin da ya jawo mana duk wannan shi ne wanda ake kira haƙorin hankali. Yaro yana da haƙoran nono guda 20, babban mutum kuma 32 idan sun cika, kuma huɗun ƙarshe daga cikinsu, ɗaya a kowace kusurwar baki, su ne waɗannan. Galibi suna fitowa ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da ake ganin mutum ya mallaki hankalin kansa, shi ya sa Larabawa da Turawa ma da hankali suka danganta sunan. Akwai wanda nasa suke fitowa da wuri, akwai mai biyu ko uku kacal, akwai kuma wanda Allah bai halitta masa ko ɗaya ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

Bayan ƙanena ya warware ya tambaye ni, tunda ga shi an cire kuma yana cin abincinsa yadda ya saba, to mene ne amfanin haƙorin tun farko? Na sha jin masu ilimin zamani suna cewa haƙori ne na banza wanda jiki ba ya buƙata, kuma ni ban gamsu da wannan magana ba. Turmi ne kamar sauran turame, aikinsa niƙa. Mu tuna abin da kakanninmu suka rayu a kansa: gero da dawa da aka niƙa a dutse, garin da ba ya rasa ɗan tsakuwa a ciki, da goriba, da busasshiyar aya, da rake, da kilishi, da ganda. Irin wannan cima tana sa ƙashin muƙamuƙin yaro ya yi tsawo da faɗi, domin ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon aikin da ake ba shi yayin girma. Tana kuma cinye saman haƙora da gefensu sannu a hankali, su riƙa matsowa gaba. Kafin mutum ya kai shekara 20 wuri ya samu a baya, sai sabon turmi ya fito da ƙarfinsa ya kama wa waɗanda suka fara gajiya, ko ya cike gurbin wanda ya faɗi. Yaron Kano na yau kuwa da burodi da shayi yake karyawa, ya ci taliya da rana, ya ci shinkafa mai laushi da dare, kusan babu abin da yake tauna da ƙarfi. Haƙoran suna nan da yawansu da girmansu, gidan da za su zauna ne ya ƙanƙance, sai na ƙarshen zuwa ya rasa masauki. Wani ya kwanta a gicciye yana tokarar maƙwabcinsa, wani ya maƙale cikin ƙashi, wani ya leƙo rabi. Mai leƙowa rabin nan shi ya fi yawan kawo matsala, domin fatar dasashin da ta rufe shi tana zama kamar aljihu, abinci yana shiga ya zauna, kuma buroshi ko asuwaki ba ya kaiwa ciki.

A Amurka an saba cire wa matasa duka huɗun tun kafin su kawo wata damuwa. A Ingila kuwa, tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara wa asibitocin gwamnati ƙa'idojin magani ta ce kada a cire haƙorin hankali matuƙar ba shi da cuta, ko da a maƙale yake. Ra'ayina ya fi karkata ga na biyun, domin cirewar ma aiki ne mai nasa hatsari: akwai jijiyar da ke bai wa leɓen ƙasa ji, wadda take wucewa kusa da saiwar haƙorin, kuma taɓa ta yana iya barin leɓen a mace na wani lokaci. Wanda ya fito a miƙe, yana haɗuwa da abokinsa na sama, ana iya wanke shi, a bar shi ya yi aikin da aka halitta shi dominsa. Amma wanda ya kumbura ya sake kumbura, ko ya yi kogo, ko yana lalata na gabansa, wajibi ne a je a ɗauki hotonsa, likitan haƙori ya yanke hukunci. A nan muka yi kuskure, domin kafso na kwana biyu yana kwantar da kumburi ne kawai, aljihun da ke tara ruɓar yana nan. Tsoron da ake ba mutane cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba shi da tushe, jijiyar gani hanyarta daban. Haka nan babu wata tsutsa da ke zaune cikin haƙori wadda hayaƙi zai fito da ita. Ƙwayoyin cuta ne suke cin ragowar sukari a baki, su fitar da tsami mai narkar da haƙori. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, ko su danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ƙona naman bakinsu kawai suke yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan mun dawo gida shi ne yadda muke ɗaukar baki kamar wani abu da ke ware da sauran jiki, alhali jini ɗaya ne yake zagaya su. Mutum zai yi asuwaki ya ga jini, ya tofar ya ci gaba da alwala, shekara da shekaru, ba tare da ya san cewa dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini ba. Wannan jinin alama ce ta kumburin da dauɗar da ta daskare a gindin haƙora take haddasawa, kuma idan aka bar shi yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori har haƙorin ya fara girgiɗi. Ga mai ciwon suga abin ya fi muni, domin suga idan ya hau yana ƙara wa ciwon dasashi ƙarfi, shi kuma ciwon dasashi yana sa sugan ya yi wuyar saukowa, kuma likitoci sun tabbatar cewa yi wa dasashin magani yana taimakawa wajen daidaita shi. Nawa ne daga cikin iyayenmu masu zuwa awon suga duk wata aka taɓa buɗe bakinsu aka duba? Wanda kuma yake da lalatattun ƙofofin zuciya, ƙwayoyin cutar baki suna iya shiga jininsa su je su zauna a kansu, ciwo mai kisa. Mace mai juna biyu dasashinta yana saurin kumbura saboda canjin da jikinta yake yi, amma sau da yawa sai ta daure da ciwon wata tara, saboda an gaya mata ba a taɓa haƙorin mai ciki, alhali ana duba shi ana kuma yi masa magani.

Tsofaffinmu kuwa nasu a ɓoye yake. Dattijon da turamensa suka zube yana daina cin nama da gyaɗa da ganye, ya koma kunu da farau-farau, ya rame, mu kuma mu ce tsufa ne. Ga budurwar da take rufe baki da mayafi idan za ta yi dariya, ga magidancin da warin baki ya shiga tsakaninsa da iyalinsa kuma kunya ta hana kowa ya faɗa masa, ga ɗalibin da zogi ya hana shi barci daren jarrabawa. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki. Mu a Arewa muna da wanda ya fi waɗannan tayar da hankali, wato ciwon noma, wanda yake farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6, ya cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominsa a Sakkwato, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa hukumar ta saka shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Idan an gan shi tun yana dasashi, wanke baki da magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi.

Abin takaicin shi ne mu ne al'ummar da bai kamata a koya wa tsabtar baki ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Sunnar tana nan, sai dai da yawanmu mun mayar da ita goga haƙoran gaba sau biyu a ƙofar masallaci, turamen baya kuwa ba su san an yi ba. Sannan sukarin da muke sha ya wuce na iyayenmu nesa ba kusa ba. Duk wanda ya shiga Kasuwar Singa ya ga tulin katan-katan na alewa da biskit da lemon kwalba ya san inda suke ƙarewa. Shawarar hukumar lafiya ita ce kada babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, 6 ma ya fi, alhali kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan 9, ban da na mai shayi da zoɓo da kunun aya. Yawan maimaitawar ma ya fi yawan sukarin illa, domin duk tsotson alewa ɗaya sabon tsami ne yake sauka a kan haƙori. Ban ce a ajiye asuwaki ba, ni ma yana aljihuna. A haɗa shi da buroshi da makilin mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin kwanciya, minti biyu, a tabbatar an kai ƙurya, a tofar da kumfar ba tare da an kurkure baki da ruwa ba.

Na san za a ce kuɗi, kuma gaskiya ne, ganin likitan haƙori ba shi da arha ga mai neman na cefane. Sai dai ni na biya kuɗin kwana 9 da tiyata, na kuma san kuɗin hoto da cirewa da za mu biya da mun je tun kumburin farko, ratar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Muna da sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero ma tana yaye likitocin haƙori, abin da ya rage shi ne gwamnati ta kai wannan hidima ƙananan asibitocin unguwanni, a riƙa duba baki a wurin awon ciki da awon suga.

A watan jiya na kai 'yata mai shekara 6 aka duba ta, domin a wannan shekarun turmin farko na dindindin yake fitowa a bayan haƙoran nono, iyaye kuma su ɗauka na famfara ne su bar shi ya ruɓe. An samu ɗan ƙaramin rami a ɗaya, aka cike shi a zama guda, ko kuka ba ta yi ba. Ƙanena ya raka mu, shi ma aka sake ɗaukar hoton na hagunsa. Likita ya ce a miƙe yake kuma yana da wuri, a bar shi, ya dawo bayan wata shida.