Tsutsar ciki da garkuwar jiki: wa ke juya wa?

Kwanan nan na ga ana ta yaɗa wata magana, wai tsutsar ciki abokiyar jiki ce, a daina shan maganinta. Abin haushin shi ne maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma take saurin shiga kunne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa. Ga mamaki: macijin ciki kan kai tsawon santimita 30, macen tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, amma sai ya shekara a hanjin mutum ba zazzaɓi ba komai. Ƙwayar cutar da ido ba ya gani tana kwantar da ƙato cikin kwana biyu. To ina garkuwar jiki ta shiga?

Tana nan, salon yaƙin ne daban. Tsutsa ta fi ƙarfin ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta, don haka jiki korar ta yake yi. A bangon hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan tukku a ka, waɗanda sai a 2016 aka gane aikinsu sosai. Su ke ɗanɗano abin da ke wucewa. Da sun ji baƙuwa sai su saki sinadarin IL-25, shi kuma ya tada wasu ƙwayoyin garkuwa su saki IL-13. Nan take majina ta yawaita, hanji ya ƙara motsi, ana wankewa ana sharewa. A jini kuma iyosinofil ke ƙaruwa, fararen ƙwayoyin nan da ke fitowa da ɗige-ɗige ja idan an rina su an duba a madubin likita. Likita na ganin sun hau, tsutsa na cikin abin da zai fara zargi.

Ita kuwa tsutsar ba ta zauna ba. Tana fitar da sinadarai masu ƙara yawan wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu shi ne ce wa sauran dakarun su sassauta. Akwai wata tsutsar ɓera da aka gano tana ƙera abin da ke kwaikwayon TGF-beta, saƙon da jiki da kansa ke amfani da shi wajen kwantar da kumburi. Wato ta saci hatimin mai gida tana sa hannu a madadinsa. Wannan wayon ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Daga nan masu cewa abokiya ce suka samo hujja. A ƙasar Gabon an ba yara maganin tsutsa na tsawon lokaci, sai aka ga fatarsu ta fi nuna alamar borin jini ga ƙwarin ƙura. Gaskiya ne. Amma ai an gwada abin kai tsaye: an shayar da masu ciwon kumburin hanji na Crohn ƙwan tsutsar alade. Ƙaramin gwajin 2005 ya ba da fata, manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna ya fi maganin bogi ba.

Kuma tsawar nan da tsutsa ke sa a yi wa garkuwar jiki ba ta zaɓe. A ƙasar Ikwado an ga yaran da aka fara ba maganin tsutsa na albendazol sun fi karɓar rigakafin kwalara da kyau. Tsutsa mai ƙugiya kuwa, tana maƙale a bangon hanji tana tsotsar jini, yaro na fama da ƙarancin jini yana gyangyaɗi a aji.

Ni dai ra'ayina, masu bincike su ware sinadaran nan su auna su, su mayar da su magani mai ƙa'idar sha. Yaron da ke ɗauke da tsutsar kuma a ba shi ƙwayarsa ya haɗiye.